Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Haɗeja Kan Kwashe Mutane da Dabbobinsu Kafin Ambaliya

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Haɗeja,
Ta hannun hakimanmu da dagatanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne talakawanka mazauna ƙauyukan bakin kogi a ƙasashen Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Kirikasamma da Guri. A cikinmu akwai manoma, masunta, makiyaya, matan da ke kiwo a cikin gida, da 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya da malaman dabbobi. Kukanmu guda ne. Duk shekarar da aka ce a tashi saboda ruwa, akan faɗi inda mutum zai je, amma ba a faɗin inda zai kai akuyarsa da sansa. Saboda haka mutane ba sa tashi sai ruwa ya shigo tsakar gida, lokacin da tashin kansa ya zama haɗari.

Ranka ya daɗe, mafi yawan ruwan da ke cin mu daga nesa yake tasowa. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, kuma a kansu ne aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. In damina ta yi nauyi madatsun suka cika, ruwan yakan bi ta Wudil da Ringim, ya yi kwanaki a hanya kafin ya iso mana, galibi tsakanin Agusta da Satumba. Da ya iso kuma sai ya tarar ciyawar kachala da yashi sun toshe masa hanya, ya fasa gefe ya bi gonaki da gidaje. Haka aka gani a 2012, 2018, 2020 da 2022. Mutanen Maiduguri cikin dare ruwan madatsar Alau ya same su a Satumban 2024. Mu kuwa Allah ya ba mu tazarar kwanaki, kuma kwanakin nan ne muke asararsu kowace shekara.

Ba taurin kai ke hana talaka tashi ba. Awaki uku da mace ke kiwo su ne kuɗin asibitinta, su ne kayan ɗakin 'yarta. Shanun huɗa biyu su ne noman baɗi. Wanda aka ce ya shiga mota ya bar su a turke, cewa zai yi a tafi da iyali, shi zai kwana. Ɗakin da zai kwana kuma ginin ƙasa ne, wanda ke shan ruwa daga tushe, ya yi laushi tun ruwan bai kai gwiwa ba, ya rufta cikin dare. Wani kuma ya tashi tare da kowa, amma da almuru ya saci jiki ya koma cikin kwale-kwale don ya kwance dabbobinsa. Ta waɗannan hanyoyi biyu ake rasa rayukan da bai kamata a rasa ba.

Abu na farko da muke roƙo shi ne a ware wa kowane ƙauye tudun da zai koma, a ambace shi da suna a gaban dagaci da liman, tun kafin a yi shuka. In an bari sai Agusta, an makara, domin kowane tudu yana ɗauke da gero ko dawa a lokacin, kuma burtalin da za a bi da dabbobi wataƙila an nome shi. Garke ɗaya ya faɗa gonar mai masauki, sai a bar maganar ambaliya a koma ta rikici. Fada ce kaɗai ke iya zaunar da mai tudu, da masu zuwa, da Arɗo, a yi yarjejeniya, a buɗe burtali, a san wanda zai biya in an yi ɓarna.

Makarantun firamare da aka saba sauke mutane a cikinsu ba su da wurin dabba. A yi garka, wato shingen dabbobi, daban a wajen katanga, ta ɓangaren gangare, don fitsari da kashi kada su gangaro wa mutane, kuma ta yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya ko famfo. Akuya ko tunkiya na buƙatar fili kamar murabba'in mita 1 da rabi, sa kuwa 4 zuwa 5, da rumfa ko ta tampol ce, domin awaki ba sa jure dukan ruwa, nan da nan mura da zawo ke kama su. Dabbar da ta kwana biyu tsaye cikin taɓo kuma kofatonta ke ruɓewa, don haka a zuba yashi a ɗaga ƙasan garkar.

Ga lissafin da ya kamata a yi wa kowane masauki. A ɗauki misalin ƙauye mai mutum 700, shanu 60, awaki da tumaki 400. Mafi ƙarancin ruwan da masu aikin agaji suka yarda da shi ga mutum ɗaya a rana shi ne lita 15, wato lita 10,500 ke nan. Sa yana shan kamar lita 35, shanun za su sha 2,100. Akuya lita 5, su kuma 2,000. Jimla lita 14,600 a kowace rana, jarka 730 mai cin lita 20. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya da ke harabar makaranta da ƙyar zai ɗauki wannan, kuma ranar da ya lalace, ruwan ambaliya za a koma sha, wanda ya riga ya wanke masai da mushe. Daga nan amai da gudawa ke farawa. Masai kuwa ɗaya ne ga mutum 20, wato 35, na mata daban kuma da fitila. A haƙa su tun Yuli, ƙasa ba ta cika da ruwa ba.

Abincin dabba shi ne abin da kowa ke mantawa. Harawar bara takan ƙare tun kafin Agusta, sabuwa kuma sai kaka. Sa mai nauyin kilo 300 yana cin busasshen abinci kilo 7 zuwa 8 a rana, akuya kusan kilo 1. Dabbobin ƙauyen da muka yi misali da shi za su ci kusan tan 12 cikin mako biyu. Muna roƙon Sarki ya yi umarni, da kaka kowane gida ya ba da dami ɗaya na harawa ko karmami, a haɗa da kowar wake da dusa, a ajiye a kan tudun da aka ware, bisa rumfa mai tsayin mita ɗaya daga ƙasa, a rufe sama a bar gefe iska na shiga. In aka naɗe ta ruf da leda, gumi za ta yi ta yi fumfuna, kuma abinci mai fumfuna na iya kashe dabba.

Sai allurar rigakafi. Tara dabbobin gidaje ɗari wuri guda ba tare da ita ba, tara wa annoba abinci ne. Annobar awaki mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki tana iya share garka cikin kwanaki kaɗan, ciwon huhu na bin shanu, annobar kaji kuma ba ta barin akurki. Duk suna da allura, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana yin su a ƙasar nan. Amma allura ba ta fara kāre dabba sai bayan mako biyu zuwa uku, don haka wadda aka yi a masauki ranar da aka iso ba ta tsinana komai. A nemi ma'aikatar kula da dabbobi ta jiha ta zagaya ƙauyukan bakin kogi a Mayu da Yuni. A ranar allurar a rubuta dabbobin kowane gida a littafin mai unguwa, a yi musu shaida da fenti, kowace unguwa da launinta. Wannan shi ne maganin sata da musu a garka, kuma da shi za a san asarar gaskiya in an zo rabon tallafi.

Kare da kyanwa ma a sa su cikin lissafi. Akan bar karen gadi ɗaure a gindin bishiya, a bar kyanwa a kulle cikin ɗaki, alhali malamai sun sha karanta mana hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kare ya zo da igiya a wuya, a yi masa turke nesa da wurin salla da wurin ɗiban ruwa, kuma ya kasance an yi masa allurar haukan kare ta shekara. Wanda kare ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Kyanwa a sa ta a kwando mai murfi, don a hannu ba ta yarda ta ƙetare ruwa, kuma za a neme ta a masauki, tunda ɓeraye ma tudun suke gudowa. Kaji da zabi sai da dare ake kama su a kan makwanci, a zuba a keji, kada a cunkusa su a buhu su mutu da zafi. Tantabaru a buɗe musu ɗaki kawai.

Ba ɓera kaɗai ke hawa tudu ba, har da macizai, kasa da kububuwa da gamsheƙa. A tanadi maganin dafin maciji a babban asibitin Haɗeja da asibitocin da ke kusa da masaukai tun watan Yuli, a share ciyawar da ke kewaye, kuma a faɗa wa jama'a kada a ɗaure wurin sara tamau, kada a tsaga, a hana ƙafar motsi a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in labari bai iso da wuri ba. Hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NiHSA, na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, hukumar hasashen yanayi, NiMet, na fitar da na damina, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuma ta san halin da madatsunta ke ciki kullum. Labarin yakan tsaya a ofis. Muna so fada ta sami mutum ɗaya da zai riƙa karɓarsa, ya miƙa wa hakimi, hakimi ga dagaci, dagaci ga mai unguwa, a faɗa ta lasifikar masallaci da bakin sanƙira, don waya na mutuwa in babu wuta. A kuma kafa sandar awon ruwa a jikin gadoji da mashigai, a shafa mata kore, rawaya da ja, Sarkin Ruwa ya sa mai duba ta safe da yamma. Ruwa ya taɓa rawaya, dabbobi da hatsi su tafi, tare da tsofaffi, masu juna biyu, marasa lafiya da ƙananan yara, a ƙafa da amalanke, hanya na bushe. Ya taɓa ja, kowa ya fita. Wanda dabbarsa ta riga shi isa tudu ba sai an yi masa magiya ba.

In kuwa ruwa ya riga ya yanke hanya, akwai ƙa'idojin da muke so su fito daga bakin Sarki don a ji tsoron karya su. Ruwa mai gudu da bai wuce sentimita 15 ba yana kayar da babban mutum, mai sentimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Kada a haɗa mutane da dabbobi a kwale-kwale ɗaya, domin akuya ɗaya ta firgita sauran sukan ruga gefe guda jirgi ya kife. Awaki a ɗaure musu ƙafafu a kwantar a ƙasan jirgi. Shanu suna iyo, amma a cire musu karkiya a ƙetare da su ɗaya bayan ɗaya, don in an bar su haɗe, wanda ya gaji shi zai nutsar da ɗan'uwansa. Jaki in ya ƙi ruwa, duka ba ya sa shi shiga. Ba tafiya bayan magariba, ba ɗaukar fiye da adadin da Sarkin Ruwa ya rubuta a jikin jirgi, kuma kowane jirgin ceto ya kasance da rigunan kariya. Wanda ya rasa yadda zai fita da dabbarsa, ya yanke igiyar ya buɗe ƙofa kafin ya tafi. Lambar gaggawa ta 112 a koya wa kowa ita, amma a rubuta lambobin masu jiragen yankin a bangon masallaci, don su ne za su fara isowa.

Bayan janyewar ruwa, mushe a binne shi a rami mai zurfin mita 2, nesa da rijiya. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta, alamar ciwon saifa ce, kuma yana kama mutum. Sarkin Fawa ya tsaya a kan wannan. Dabbobin da suka yi kiwo a fadama kuma a ba su maganin tsutsar hanta.

Ranka ya daɗe, ware tudu, buɗe burtali, littafin mai unguwa, damin harawa da dokar jirgi ba sa buƙatar kasafin kuɗi, umarnin fada kawai suke jira. Rijiyoyin burtsatse, allura, rigunan kariya, tampol, maganin dafi da yashe kachala su ne sai da hannun gwamnati, kuma muna roƙon Sarki ya kai mana su gaban shugabannin ƙananan hukumomi takwas na masarauta, da hukumar agajin gaggawa ta Jigawa, SEMA, da ta ƙasa, NEMA. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka muke neman a kira zama a fada kafin ƙarshen Mayu, a gayyato mata masu kiwo su faɗi nasu da bakinsu, sannan a yi gwajin tashi sau ɗaya a kowace gunduma cikin Yuni, da dabbobi da komai, a ga awa nawa yake ci da inda ake maƙalewa. Masuntanmu sun yarda su ba da jiragensu, matasanmu za su haƙa masai su kafa garka, malaman dabbobi da ke cikinmu kuma za su yi aikin rubutu da shaida kyauta.

Allah ya taimaki Sarki, ya kiyaye ƙasar Haɗeja da jama'arta.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna ƙauyukan bakin kogi na masarautar Haɗeja.