A Kula Da Haƙoran Yara Masu Iyo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin iyaye a nan Katsina, inda yara ke tururuwa zuwa wuraren iyo na otal-otal da zarar bazara ta kama.

Ana zuba kulorin a ruwan domin kashe ƙwayoyin cuta, amma idan masu kula da wurin suka yi sakaci har ma'aunin pH, wato awon da ke nuna tsamin ruwa, ya sauko ƙasa sosai da 7.2, ruwan yakan yi tsami ya riƙa cinye farin rufin haƙori a hankali, rufin kuwa idan ya zaizaye ba ya dawowa. Ban san haka ba sai da ɗana ya fara kukan zogi duk lokacin da ya sha ruwan sanyi, likitan haƙori ya yi mini bayani, abin ya dame ni ƙwarai.

A koya wa yaro rufe baki a cikin ruwa, idan ya fito ya kurkure da ruwa mai tsabta, sannan ya jira kamar minti 30 kafin ya sa buroshi. Ina kuma roƙon masu otal su riƙa auna ruwansu kullum.

Naka,
Wani uba daga Ƙofar Marusa, Katsina.