Ba kowane fim na biyu ne ke lalacewa ba

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar nan da ake yawan yi wai fim da zarar an yi masa na biyu da na uku to shikenan ya lalace kuma kuɗi ma ba zai kawo ba.

Ta fannin kuɗi kam ban yarda ba. Baahubali na biyu da ya fito a 2017 ya ninka na farkon na 2015 a kasuwa, shi ne ma fim ɗin Indiya na farko da ya haura rupee biliyan 10 na kuɗin Indiya, haka Fast & Furious na bakwai a 2015 ya tara sama da dala biliyan 1.5, nesa ba kusa ba da na ɗaya.

Inganci ne inda abin ke damuna wallahi. Shi Baahubali tun farko labari ɗaya ne aka raba shi biyu shi yasa bai yi sanyi ba, amma Jaws na 1975, fim ɗin Amurka kan kifin shark mai cin mutane, labarinsa ya riga ya ƙare, furodusoshi suka ga kuɗi suka ci gaba da ja har na huɗu a 1987 wanda masu sharhi suka yi wa kaca-kaca. Mu ma a Kannywood mun sha wannan zamanin faifan sidi, ka sayi 3 da 4 da kuɗinka ka tarar rabinsa waƙa ce da tuna baya, yanzu kuma ciwon ya koma fina-finai masu dogon zango. Ina roƙon marubutanmu su riƙa sanin ƙarshen labari kafin a kunna kyamara.

Naku,
mai karatu daga Kano