Zuwa ga ɗana, a kan dodannin koɗinsa da hunturun bana

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Yaba. Mu nan Agege lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso. Ka ce dodannin koɗin da ka ɗauka daga gida sun daina ci, sun shige ciki sun toshe bakin katantanwarsu da wani farin abu, har kana shirin zubar da su. Kada ka zubar, da ransu. Wanda ya mutu ba a tambaya, warinsa zai tare ka tun daga bakin ƙofa. Wancan farin murfin su suke yinsa da yauƙin jikinsu don kada ruwan jiki ya ƙafe, sai su kwanta har yanayi ya gyaru.

Irin namu, wanda masana ke kira Archachatina marginata, ɗan kurmin kudu ne, ya saba da ɗumi da laima a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Ya fi walwala tsakanin digiri 24 da 28. Sanyin Legas ba na Kano ba ne, balle na Jos, ko a Disamba da Janairu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 20. Abin da ke kwantar da su shi ne busasshiyar iskar hunturu, sai kuma na'urar sanyaya ɗakin nan da kuke kwana da ita a kan digiri 16 duk daren da aka kawo wuta. Ita na fi zargi, don sanyi da bushewa take kawowa tare.

Fara da fitar da robarsu daga ɗakin. Kada ka dire ta a kan tayil, ɗora ta a kan katako, nesa da taga. Sannan ka duba ƙasar ciki. Ka ɗebo ka damƙa a tafin hannu: in ta dunƙule ba ta ɗiga ba, ta yi, in ta warwatse, ta bushe, in ruwa ya biyo yatsunka, ruwan ya yi yawa. Ta yi zurfin da kowane zai iya binne kansa, ka shimfiɗa busasshen ganyen ayaba a sama. Safe da yamma ka yayyafa ruwa mai ɗan ɗumi, ka rufa jiƙaƙƙen tsohon tawul a kan rabin murfin robar, ka bar ramukan iska a buɗe.

Na san ka da gaggawa, shi ya sa nake ja maka kunne: kada ka shanya su a rana, kada ka kai su kusa da risho ko janareta da sunan ɗumama su. Zafi irin wannan ya fi sanyin saurin kashe su. In dare ya yi sanyi sosai, ka zuba ruwan zafi a kwalba, ka naɗe ta da tsumma, ka jingina a jikin robar ta waje. A gefe nake cewa, ba a ƙasa ba, don in zafi ya dame su ƙasa suke tonawa su gudu. Dabbar da ka tsare ba ta da bakin kai ƙara, haƙƙinta yana wuyanka.

Waɗanda suka rufe, ka sa su a faranti da ruwa mai ɗumi kaɗan, iya ƙasan katantanwa, kada ya rufe bakin don ta nan suke numfashi. Kada ka sa farce ka ɓare murfin. Ka zauna ka jira, za ka ga ya ture shi da kansa, ƙahonnin sun leƙo ɗaya bayan ɗaya. Da magariba ka ba su abinci, da dare suke kiwo: ganyen gwanda, kokwamba, ɗanyen dankalin Hausa, nunanniyar ayaba, duk akwai a kasuwar Oyingbo. Ban da abin da gishiri ya taɓa. Ka dafa ɓawon ƙwai ka daka, ka ajiye musu a gefe saboda ƙarfin katantanwa. Da safe ka kwashe ragowar, kada ta jawo tururuwa.

Kuma ka riƙa wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa su, suna iya ɗauke da tsutsar da ke cutar da mutum.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka leƙo ranar Juma'a. Ka zo da wanda ya ƙi buɗewa in duba shi.

Naka,
Mahaifinka