Wasiƙa zuwa ga Abba kan maganar SIWES

Assalamu alaikum Abba,

Da fatan kana lafiya, ya karatu ya shirin jarabawa. Nan gida kowa lafiya, ƙafar Hajiya ma da sauƙi har ta fara takawa zuwa zaure. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, don na san halina na san halinka, in na kira zan ɗaga murya kai kuma ka yi ta "to Baba, to Baba" har mu gama ba abin da ya shiga kunnenka.

Labari ya zo min wai kun haɗa kai da abokanka za ku ba wani mutum kuɗi ya riƙa buga muku sitam a logbuk ɗinku na SIWES, wato littafin rubuta ayyuka na shirin da ake tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, yana sa hannu duk sati kamar kuna zuwa aiki, ku kuma wata shidan nan ku zauna a ɗaki a Samaru kuna harkar kirifto a waya. Kar ka tsaya binciken wa ya faɗa min, ba shi ne a gabanmu ba. In ƙarya ne alhamdulillah, ka karanta ka bar shi a matsayin nasiha. In kuma gaskiya ne to wallahi Abba ban yarda ba, ban kuma yafe kuɗina su shiga wannan harka ba ko sisi.

Na san abin da za ka ce, tunda ka taɓa faɗa min da sallah. Wai kamfanoni ba sa barin ɗalibi ya taɓa komai, sai aike, sayo kati sayo abinci, alawus ɗin kuma bai taka kara ya karya ba, sannan aiki a ƙasar nan sai mai ƙafa. Akwai gaskiya a ciki ban musa ba, na ga wuraren da haka ake yi. Amma ni fa ba labari aka ba ni ba, ni na riƙa karɓar irinku a masaƙa a Kakuri, duk shekara sai an turo mana su daga jami'a da poli da wasiƙarsu a hannu, ni ke sa musu hannu a logbuk. ITF, hukumar gwamnati mai kula da horar da ma'aikata, ita ce ta ƙirƙiro shirin nan tun 1973, kuma dalilin ƙirƙiro shi shi ne kukan da masu masana'antu suka riƙa yi cewa ana turo musu yara da satifiket amma ba su taɓa riƙe sifana ba. Ka ga kenan ciwon ya girme ka, kuma maganin da aka yi masa shi kake so ka zubar a kwata ka kawo mana kwalbar ka ce ka sha.

Akwai wata yarinya da aka taɓa turo mana, ba zan manta ta ba. Ranar farko yaran sashe suna ta yi mata dariya wai mace da aikin wuta. Ba ta ce musu komai ba, kullum kafin takwas tana ƙofar wokshop da ƙaramin littafinta, ita ke ɗaukar akwatin kayan aiki ta bi mu duk inda aka kira. Wata rana motar lantarki mai juya injin ta tsaya a ɓangaren saƙa, muka buɗe fanel ga warin ƙuna, na nuna mata kontakta, wato makunnin da ke ba motar wuta, ta yi baƙi, ta durƙusa a wurin ta zana duk yadda wayoyin suka bi, washegari ta dawo min da zanen sta-delta, wato tsarin haɗa wayoyin tayar da motar, a tsaftace da tambaya guda uku, ɗaya ma sai da na je na tambayi injiniyanmu. Kafin ta gama watanninta ita kaɗai nake turawa ta duba ƙananan matsaloli. Su kuma sauran da suka zo tare da ita suna gindin bishiya suna jiran Juma'a in sa musu hannu. Wuri ɗaya ne, oga ɗaya ne, ba wanda ya hana su komai. Leburan kamfani ba zai kira ka ya ce zo in koya maka ba, kai za ka liƙe masa, ka gaishe shi da girmamawa ko da firamare bai gama ba, ka riƙe masa tocila, a haka hannu ke faɗawa.

Kuma ba wuta kaɗai ake koyo ba. Zuwa a kan lokaci, yadda ake rubuta rahoton abin da ya lalace a gane, yadda ake magana da na gaba da kai in ka ga ya yi kuskure, yadda ake kashe layi a rataya alama kafin a sa hannu don kar wani ya zo ya kunna ya kashe ka, duk ba a allo ake koyar da su ba. Ko rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, da kake cewa kana so, sai ka nuna shekarun da ka yi kana aiki na gaskiya bayan digiri, su ma injiniyoyi ne za su zaunar da kai su yi maka tambayoyi, a can wa za ka ba kuɗi ya amsa maka?

Yanzu bari in faɗa maka abin da ke hana ni barci, don ba sitam ɗin ba ne, ba ma tsoron sifabaiza ya zo daga makaranta ya tarar ba ka nan ba ne, duk da shi ma zai iya jawo maka maimaita shekara. Yayanka ne. Kai ka sani na sani. Da sakamako mai kyau ya fito, har walima aka yi a gidan nan, ya je intabiyu aka miƙa masa mitar gwada wuta aka ce gwada mana wannan, ya dawo bai ce wa kowa komai ba ya shige ɗaki. Daga nan aka fara, yau ba kuɗin mota gobe wai an riga an raba guraben, sai kwana har azahar, sai majalisa har tsakar dare, sai abin da ya faru bayan babbar sallah wanda har yau mahaifiyarku in ta tuna sai ta tashi ta shiga ɗaki. Ni talauci bai taɓa ba ni tsoro ba Abba, mun gan shi ido da ido lokacin da masaƙu suka yi ta rufewa, mutum dubbai aka sallama a Kakuri kuma muka rayu, saboda hannuna ya iya wani abu, na ɗauki jakata na bi gidaje ina wayarin ina gyaran janareto. Abin da nake tsoro shi ne saurayi mai lafiya ya saba da zama. Wata shida a ɗaki ana latsa waya a nan ake sabawa, shi ma ai ba rana ɗaya ya zama haka ba. In na wuce majalisar bakin layi na ga yaran nan sai in ga fuskarka a cikinsu, sai in rasa abin da ke min daɗi har in isa masallaci. Ɗaya ya ishe ni, ba zan iya ɗaukar biyu ba, ƙarfina ya ƙare.

Kana ganin na cika matsa maka, na sani, tun lokacin da nake tura ka shagon Kawu a Panteka duk hutu abokanka suna ƙwallo kai kana naɗa koyil. Ka yi ta fushi har da ƙin cin abinci. To yau a ajinku mutum nawa ne suka taɓa kwance motar lantarki suka mayar? Filin Rigasa da na sayar ban sayar don a kawo min takarda in rataye a falo ba, akwai guda a rataye tuni. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, yaron da na tarbiyyantar da hannuna, wanda ya sauke Alƙur'ani a gabana, shi ne zai zauna ya cika littafi da aikin da bai yi ba, sati bayan sati, ya tsaya gaban malamansa ranar difens ya kare ƙarya? Da wane ido za ka kalle ni? In ka fara aikin injiniya da sa hannun bogi, gobe a kan wayarin gidan mutane za ka yi shi, kuma wuta ba ta san ɗan wane ba.

To shikenan, na faɗi na zafin. Ka yi haƙuri da kaushin harshe, kai ma ka san daga inda ya fito.

Ban ce ka bar kwamfuta ba, ban kuma ce zamaninku irin namu ne ba. In harkar fasaha kake so akwai 3MTT, shirin koyar da fasahar kwamfuta da gwamnati ta fara a 2023, in an buɗe ka cike, ka yi da yamma bayan ka tashi aiki. Duk wata bita da ofishin SIWES na makarantarku zai shirya kafin ku fita ka je ka zauna a gaba, haka in ka ji ana koyar da rubuta CV ko yadda ake amsa tambayar intabiyu, ko darasin sana'a da ake sa ku yi wanda na ji kuna raina shi. Ko a bautar ƙasa tun 2012 aka shigo da SAED don dai a koya wa masu digiri sana'a a sansani, amma sati uku me zai yi maka in ka watsar da wata shida?

Game da wuri, kar ka ce ka nema ka rasa. Kai da wasiƙarka ka fara gwada tashar kamfanin dakon wutar lantarki na TCN da ke Mando, ka gwada kamfanin raba wuta, in Kano ta fi maka ga Sharaɗa ga Challawa ga Bompai, ka sauka wajen Gwaggo. In duk ba a samu ba akwai tsohon yarona da yanzu yake da kamfanin haɗa sola da rajistarsa, na riga na yi masa magana ya ce ka zo, amma na gaya masa kar ya raga maka don kai ɗana ne, rufin kwano za ka hau da rana kamar kowa. Sola yanzu ko ina ake nema, wanda ya iya lissafin batir da inbata da kyau ba ya rasa na cefane.

Zan tura maka kuɗin takalmin aiki da hular kwano ranar Litinin in fansho ya shigo, kuɗin mota kuma duk wata ni zan ɗauka, kar ka jira alawus. Logbuk ka riƙa cika shi kullum da daddare da abin da ka yi da hannunka, ko share wokshop ne ka rubuta share wokshop, in ka zo gida ƙarshen wata zan duba. Abokan naka kuma ba sai ka yi faɗa da su ba, ka ce babanka ya hana, ka ɗora min laifin zan ɗauka.

Mahaifiyarka ba ta san da maganar nan ba kuma ba na so ta sani. Tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko yajin ya ƙare ta aiko da wani. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko ka faɗa min inda ka kai wasiƙar. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar jarabawa.

Mahaifinka.