Yara ma suna shanyewar ɓarin jiki, a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni fili in faɗi abin da ya samu 'yar ƙanwata mai shekara 6, sikila ce.

Da safe tana shan koko sai kofi ya suɓuce mata, hannun dama ya saki, baki ya ɗan karkace, magana ta koma kamar ta mai magagin bacci. Hajiya ta ce iska ce, aka tofa aka yi hayaƙin habbatussauda, mu dai ba mu taɓa jin yaro ya shanye ba, a wurinmu ciwon tsofaffi masu hawan jini ne. Sai washegari aka kai ta asibiti, likita ta kalle mu ta ce me ya tsayar da ku? Wallahi kunya ta kama ni.

Aka ce a yi hoton kai na CT, injin ɗinsu kuma ya lalace, muka yi ta yawo da ita a adaidaita sahu. Shi CT yana da sauri, yana nuna in jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, amma in jijiya ce ta toshe sau da yawa farkon abin ba ya fitowa sosai, sai wani hoton da ake kira MRI, shi kuma yaro sai ya kwanta shiru cikin ƙarar injin, har sai da aka ba ta maganin bacci, ga kuɗi. Can aka ga toshewar, aka ƙara mata jini.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ashe akwai gwajin TCD, ɗan abu ake ɗorawa a gefen kai a auna gudun jini don gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewa, babu allura babu zafi, ana so a riƙa yi wa masu sikila duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. Tun 1998 bincike a Amurka ya nuna ana iya kare yaran da aka gano da wuri, nan Kano ma an yi bincike a asibitin Malam Aminu Kano kan maganin hydroxyurea da ake ba masu sikila don kare su daga shanyewa. To mu me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa mana? Gwamnoninmu su sa injin TCD a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, kyauta.

Yarinyar tana tafiya yanzu amma tana jan ƙafa, da hagu take koyon rubutu.

Naku,
Wani kawu daga Kano