Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan dogayen sifikokin da yake shirin saye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da amaryata. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce saƙo ya iso, Allah ya yi albarka.

Yayarka ce ta yi suɓul da baka, ta ce kana tara kuɗi za ka sayi dogayen sifikokin nan na Turai masu tsayuwa a ƙasa, har ka fara ciniki da wani dillali a Legas. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Abin da ya sosa mini rai shi ne a bakin wani na ji. Yaron da ya tashi yana riƙe mini waya ina narka dalma, yau shi ne zai yi shawarar sifika da mutanen intanet ya tsallake ubansa?

Ban ce kada ka saya ba. Guminka ne, kuma na san daga inda ka ɗauko son abin. Amma tunda za ka zuba kuɗi irin wannan, ka san me kake saye.

Kaso babba na kuɗin babbar sifika a akwatinta yake. Ka ƙwanƙwasa gefenta da bayan yatsa: mai arha za ta amsa maka kamar ƙwarya, mai kyau kuwa kamar ka ƙwanƙwasa bango. Akwatin da ke rawa yana ƙara nasa amon a kan na kiɗan, shi ya sa murya ke fita kamar ta mai mura. Don kashe wannan rawar ake yi musu katako mai kauri da katanga-katanga a ciki. Babbar sifikar Bowers & Wilkins ta Ingila, 801 D4 da suka fitar a 2021, kowace ɗaya ta kai kilo 100, buhun siminti biyu ke nan, kuma sun sa wa guda biyun kusan dala dubu 35. Ka buga da canjin yau ka gani. Sauran kuɗin yana cikin rabon aiki: wufa ta ɗauki kaurin sauti, ta tsakiya ta ɗauki muryar mutum, tuwita ta ɗauki siririn sama, ga allon kwail da kwandensa a ciki yana raba wa kowacce nata. Idan rabon ya yi kyau ba za ka ji inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta karɓa ba. Kamfanin KEF tun 1988 yake dasa tuwita a tsakiyar sifikar murya don sautin ya taso daga wuri guda. Wannan aiki ne na gaske, ba na raina shi.

Sai dai kyau ba ya hawa daidai da farashi. Daga sifikar kasuwa zuwa ta dala dubu biyu ko uku, ko wanda bai damu da abin ba zai ji bambanci. Daga nan zuwa ta dubu 30, kuɗi ya ninka sau goma, abin da kunne ya ƙaru da shi bai taka kara ya karya ba, sauran kana biyan fenti ne da suna da kuɗin jirgi da na kwastan. Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun gwada wannan a 1994. Suka sa mutane su saurari sifikoki suna ganinsu, suka sake sa su saurara an sakaye su da labule. Da ido ya ga girma da ƙyalli sai maki ya hau, da aka rufe sai lissafin ya canza. To idan ka je gwaji, a daidaita ƙarfin sautin biyun da kake kwatantawa, don wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita kunne zai ce ta fi daɗi, kuma dillalai sun san haka. Ka tafi da abin da kunnenka ya haddace: karatun da ka saba ji, kiɗan kalangu, ko ma muryar maiɗakinka da ka naɗa a waya. Idan muryar ta fito da kaurin da ba nata ba, ko harafin sin yana tsira maka kunne, ka bar ta komai sunanta.

Sannan falonka. Na gan shi da Sallah: tayil a ƙasa, bangon bulo da filasta, gilashi gefe guda, ba darduma ba labule mai nauyi. Ka tsaya a tsakiyarsa ka tafa hannu sau ɗaya, za ka ji amsa-kuwwa tana bin tafin. Sifikar miliyan nawa ka sa a nan, ɗakin za ka ji. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane ɗaki yana da amon da yake kumburawa: ka ninka tsawonsa biyu ka raba 343 da shi. Falo mai mita 5 zai kumbura amo mai girgiza 34 a daƙiƙa, faɗin mita 4 ya kumbura 43, silin mai mita 3 ya kumbura 57. A nan ne kaurin kiɗa yake zaune, shi ya sa za ka ji wani bugun yana girgiza taga, na kusa da shi kuma ya ɓace. Ɗaki mai tsawo da faɗi ɗaya shi ya fi kowanne muni. Babbar sifika a ƙaramin ɗaki ƙara wa Barno dawaki ne. Falo irin naka matsakaiciya mai wufa biyu na inci shida da rabi ta ishe shi har ta yi saura.

Ka janye su daga bangon baya aƙalla rabin mita, in da hali kusan mita ɗaya, musamman idan ramin iskarsu a baya yake. Kada ka cusa su a kusurwa. Tsakaninsu mita biyu zuwa biyu da rabi, kujerarka ma haka daga kowacce, su ɗan karkato suna duban kafaɗunka, tuwita daidai tsayin kunnenka in kana zaune. Kujerar kada ta manne da bango. Darduma mai kauri tsakaninka da su. Sai ka zauna, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango sifika a madubin, nan sauti ke fara dukan bango ya dawo maka, nan za ka sa labule ko kantar littattafai. Wannan duka bai kai kuɗin wayar da za su so su sayar maka ba. Waya kuwa, ta jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita sikwaya 2.5 ta isa ga mita huɗu ko biyar. Ja da ja, baƙi da baƙi. In ka juya guda ɗaya, kaurin zai gudu, murya ta rasa tsakiya.

Amfilifaya ma kada ka yi mata rowa bayan ka ƙarar da kuɗi a sifika. Za ka ga an rubuta om 8 a bayan akwati, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, amma da yawa daga cikin manyan nan suna faɗowa har om 3 a wajen kauri, sai su riƙa jan wuta kamar injin niƙa. Ka nemi wadda aka rubuta tana ɗaukar om 4 ba tare da ta yi zafi ta ɗauke ba. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe ta fi babba ƙona tuwita, don in ta gaza sai ta datse kan sautin ta tura wa tuwita ƙazantar da ba za ta iya ɗauka ba. Ka duba kada a kawo maka ta Amurka mai wutar 120, tamu 230 ce. Ka sa mata sitabilaiza mai kyau, amfilifayar ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa, kuma kada a sauya daga NEPA zuwa janareta tana kunne. In sifika ta hannu za ka saya, wadda ni ita zan ba ka shawara, ka danna kowace wufa a hankali da yatsu a baje. In ka ji tana gogawa, kwail ɗinta ya taɓa ƙonewa. Ka duba zoben bakinta, na soso yana ruɓewa da zafinmu, na roba ya fi jurewa. Ka kara kunne a kowace tuwita ka tabbatar tana magana. Ka sa mitar auna om a bayan kowacce, lambar da biyun suka ba ka ta zo ɗaya.

Duk wannan da na zayyana, in ka yi kuskure kuɗi ne ya tafi, kuɗi kuma ana samun wani. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Sifikar banza tana da amana guda ɗaya: in ka ƙure ta sai ta fara karkarwa da tsatsa, kunnenka ya gaji, ka rage da kanka. Mai tsada ba ta yin haka. Tana kai ka inda kunne ke lalacewa sautin yana nan garau, kana jin daɗi, hannunka yana ƙara murɗawa. Wannan ne dillali ba zai gaya maka ba. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma sifika mai desibel 90, wat ɗaya kacal take buƙata ta ba da 90 ɗin a nisan mita ɗaya. Guda biyu a falo, kana zaune a mita uku, wat ɗaya ko biyu sun kai ka wajen 85. Kai kuma amfilifaya mai wat 100 ko 200 kake nema. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar a sa iyaka a 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti goma sha biyar. Wat 100 a irin wannan sifika ya wuce 100 ɗin a kujerarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ƙasa ta sauko, ta ce babba 80 na awa arba'in a mako, yaro 75.

A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu gashi, wajen dubu goma sha biyar a kowane ɓangare. Ƙara tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero, in abin ya yi yawa su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya tsirowa. Ba a kantin magani, ba a Legas, ba a Landan. Kuma ba ya zuwa da ciwo. Siririn sauti yake fara ɗaukewa, wajen girgiza dubu huɗu, inda sin da fa da ta suke. Sai mutum ya ga yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomin, musamman a taron biki ko kasuwa. Sai kukan gyare ya tare a kunne, dare da rana, ba mai kashe shi. Ka san yadda ake magana da kawunka yanzu. Ka san a sahu na nawa yake tsayawa don ya ji liman, ka kuma san abin da ya kai shi nan. Ba sai na maimaita ba.

Kuma na san halinka. Tun kana ƙarami ba ka taɓa ganin maɓallin ƙara ka bar shi a tsakiya ba. Yayarka ta ce ko a mota sai an yi maka magana sau biyu, kuma abin kunnen nan ba ya fita daga kunnenka daga ofis har gida. Kunne ba ya ware na mota daban na falo daban, duka tarawa yake yi. Shekararka talatin da 'yan kai, kana neman tuwitar lu'ulu'u mai kaiwa inda ɗan Adam ba ya ji, alhali ba ka taɓa zuwa an auna maka naka jin ba. Wannan wace irin dabara ce? Ga yarinya tana rarrafe. Kai kana kujera a mita uku, ita tana ƙasa dab da bakin wufa, inda ƙarar ta ninka taka, kuma ba ta da bakin cewa a rage. In kai ka zaɓar wa kanka, ita wa ya tambaye ta? Wallahi in na zo na tarar ana kiɗa tagogi na rawa tana cikin falon, da hannuna zan zare wayar, ka ji na gaya maka.

Za ka ce a shagona ka saba da ƙara. Gaskiya ne, ban musa ba. A lokacin ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana wannan lissafin, da abin muke ci da ku, kuma da na sani da ban bar ka kusa da teburin gwaji ba. Kai ga shi an yi maka lissafin.

Ka yi haƙuri da zafin alƙalamin, ba faɗa na zauna yi ba. Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Kafin ka biya ko sisi, ka je asibitin kunne a yi maka gwajin ji, ka ajiye takardar, bayan shekara biyu ka sake. Ka sauke manhajar auna ƙara a wayarka, ka zauna a kujerarka ka murɗa har ta nuna tsakanin 75 da 80, ka ɗiga fenti a jikin maɓallin a daidai nan, kowa a gidan ya san ba a wuce ɗigon. In kana kiɗa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ya yi yawa. In ka kashe ka ji kunne ya toshe ko yana ƙugi, ka riga ka yi ɓarna a ranar, ka ba shi hutu. Sifika ta ƙwarai ma a ƙaramin sauti ake gane ta, in ka rage can ƙasa ka ji murya da kauri ba su ɓace ba. Da wannan za ka gwada ta a shago.

Ka bar musu rigarsu ta gaba saboda ƙurar hunturu da kuma yatsan amaryata, don kan tuwita yana jan yara, na lu'ulu'un kuma ba ya lotsewa, fashewa yake yi. A kan tayil ka sa musu ƙafafun roba, ka tabbatar ba sa girgiɗi, kada ta kama ɗaya ta miƙe ta rikito mata.

Ka auno mini tsawo da faɗi da tsayin falon, da inda ƙofa da tagogi suke, ka turo ta wayar ƙaninka tare da sunayen biyu ko uku da kake dubawa. Zan zana maka inda za su tsaya. Mahaifiyarka ta ce a kawo mata yarinyar kafin azumi.

Allah ya yi maka albarka.

Ni ne,
Mahaifinka.