Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya: Wa Zai Biya Ɓarnar da Yaƙi Ke Yi Wa Muhalli?

Zuwa ga Mai girma Antonio Guterres,
Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, na rubuto maka ne a kan wani bashi da yaƙi ke bari a bayansa, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba idan an zauna teburin sulhu. Da zarar an tsagaita wuta, akan ƙirga mamata, a yi musayar fursunoni, a shata iyaka, a ɗauki alkawarin sake gina gadoji da asibitoci; amma gonar da aka binne nakiya a cikinta, da rijiyar da guba ta shiga, da dajin da aka ƙone, sai a bar wa talakawan da za su koma su zauna a wurin, alhali mafi yawansu ba su da hannu a tayar da fitinar. Majalisarku ta san da wannan, tun da a shekarar 2001 ne Babban Zaurenta ya ware ranar 6 ga Nuwamba domin yin kira da a daina lalata muhalli a lokacin yaƙi. Tambayata ita ce: wa ke biyan kuɗin gyara, kuma me ya hana a samu tsayayyar hanyar tilasta masa?

Irin wannan ɓarna ba ta mutuwa tare da waɗanda suka yi ta. An gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, amma har yau manoman arewacin Faransa, idan suka yi huɗa, garmarsu takan tono harsasan igwa masu tsatsa waɗanda ba su fashe ba, sai su jera su a bakin gona su jira masu kwance bama-bamai su zo su kwashe. A ƙasar Laos, inda jiragen Amurka suka zuba bama-bamai fiye da tan miliyan 2 tsakanin 1964 da 1973, an ƙiyasta cewa ƙananan bama-bamai kusan miliyan 80 sun faɗi ba su tashi ba. Kowanne bai wuce a dunƙule shi a tafin hannu ba, yaro yakan tsince shi ya zaci abin wasa ne, manomi kuma yakan sare shi da fartanya bai sani ba. A Vietnam kuwa, daga 1962 zuwa 1971 an fesa lita kusan miliyan 75 na magungunan kashe tsirrai domin a tsiraita dazuzzukan da mayaƙa ke fakewa a ciki. Gubar dayoksin da ke cikin wanda aka fi sani da Agent Orange ta sauka ta zauna a cikin ƙasa da laka, har sai a 2018 aka kammala tsabtace filin jirgin saman Da Nang, na Bien Hoa kuma a 2019 aka fara aikinsa.

Sau ɗaya tak duniya ta tsaya tsayin daka a kan wannan batu. A 1991 sojojin Iraƙi da ke ficewa daga Kuwait sun cinna wa rijiyoyin mai fiye da 600 wuta, hayaƙi ya turnuƙe har tsakar rana ta koma tamkar almuru, ɗanyen mai ya taru ya yi tafkuna a cikin hamada, kuma ba a kashe rijiya ta ƙarshe ba sai a watan Nuwamba na shekarar. Kwamitin Sulhu, a ƙudurinsa mai lamba 687, ya ɗora wa Iraƙi alhakin duk asarar da ta jawo, ya kuma ambaci lalacewar muhalli da sunanta. Aka kafa hukumar diyya a Geneva, aka riƙa yankar wani kaso daga kuɗin man da Iraƙi ke sayarwa, har ta gama biyan dala biliyan 52.4 a farkon 2022. Daga cikin kusan dala biliyan 85 da aka nema a kan muhalli, kimanin biliyan 5 kawai aka amince da su. Duk da haka an tabbatar da cewa ana iya auna irin wannan ɓarna, a yi mata kuɗi, a karɓa, a yi gyara da su.

Amma a faɗi gaskiya, ranka ya daɗe, an iya yin hakan ne domin Iraƙi ta sha kashi, ba ta da mai tsaya mata a Kwamitin Sulhu, kuma tana da man da za a riƙe. Dubi abin da ya faru da Lebanon. A watan Yulin 2006 jiragen Isra'ila suka kai hari tashar lantarki ta Jiyeh, mai kusan tan 15,000 ya malala cikin Bahar Rum ya ɓata gaɓar teku. Babban Zaure ya yi ta zartar da ƙuduri a kai shekara bayan shekara, a 2014 ma ya ambaci diyyar dala miliyan 856.4, amma kuɗin ba su fito ba. A ranar 6 ga Yunin 2023 madatsar ruwa ta Kakhovka da ke kudancin Ukraine, wadda ke hannun sojojin Rasha, ta fashe. Ukraine ta zargi Rasha, Rasha ta musanta, ruwan kuma ya ci garuruwa, ya tumɓuko nakiyoyi ya kai su inda babu taswirarsu, ya bar gonakin noman rani ba ruwa. A Gaza, hukumar muhalli ta Majalisarku ta ƙiyasta a watan Yunin 2024 cewa ɓaraguzai sun kai tan miliyan 39, a cakuɗe da bama-baman da ba su fashe ba, ga ƙazamin ruwa yana kwarara cikin teku. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Kwamitin Sulhu ya kafa wa hukuma irin ta Kuwait. Adalcin da ba ya hawa kan kowa sai wanda aka kayar, da wuya mutane su ci gaba da kiransa adalci.

Ita kanta dokar tana da rauni. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977, a sashe na 35 da na 55, ya haramta dabarun yaƙin da za su jawo wa muhalli lahani mai faɗi, mai daɗewa, mai tsanani, kuma dole sai sharuɗɗan uku sun haɗu gaba ɗaya kafin a ce an keta doka. An kai ma'aunin can sama, ta yadda kwamandan da ya gurɓata ruwan shan gari guda zai iya cewa ɓarnar ba ta yi faɗi ba. Dokar Rum ta 1998 da ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗauko waɗannan sharuɗɗa ta ƙara musu wani, shi ne sai ɓarnar ta zarce ribar soja a fili ƙarara, kuma har yanzu ba a taɓa samun wani da laifi a ƙarƙashin wannan sashe ba. Sa'annan duka biyun sun shafi yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa ne, alhali yawancin yaƙe-yaƙen zamaninmu na cikin gida ne. Yaƙin basasar Mozambik na 1977 zuwa 1992 ya cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan namun dajin Gorongosa, kuma babu sashen da ya yi maganarsa. Na san Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa ta Majalisarku ta fitar da ƙa'idoji 27 kan kare muhalli a lokacin yaƙi a 2022, aiki ne mai kyau, sai dai shawara ce, ba ta ɗaure kowa ba.

Akwai kuma hayaƙin da rundunonin soja ke fitarwa ko da ba a yaƙi. An tsame wani ɓangarensa daga lissafi a yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kan sauyin yanayi, yarjejeniyar Paris ta 2015 kuma ta bar bayyana shi ga ganin damar kowace ƙasa. Ana matsa wa masana'antu da manoma su rage hayaƙi, amma jiragen yaƙi da tankoki an ɗauke musu ido.

Ban rubuto don in ce Majalisarku ba ta taɓuka komai ba. Jirgin dakon mai na Safer, wanda ya yi shekaru yana ruɓewa a gaɓar Yaman da gangar ɗanyen mai fiye da miliyan 1 a cikinsa, da ya fashe da Bahar Maliya ta shiga uku. Ma'aikatanku ne suka shawo kan ɓangarorin da ba sa ga maciji, aka kwashe man a watan Agustan 2023. Abin takaici shi ne, sai da Majalisar ta buɗe asusun neman taimako daga ɗaiɗaikun jama'a kafin kuɗin aikin su taru, a duniyar da ta kashe wa makamai da soja dala tiriliyan 2.7 a 2024.

Saboda haka ina roƙonka ka yi amfani da girman kujerarka ka gabatar wa Babban Zaure shawarar kafa hukuma ta dindindin, wadda za ta tura masana su auna ƙasa da ruwa da iska tun ana cikin yaƙi, kafin shaida ta ɓace, ta adana bayanan a inda kotu za ta iya dogara da su, ba tare da jiran amincewar Kwamitin Sulhu ba, inda ƙasa ɗaya ke iya hawa kujerar na ƙi ta kashe magana. A haɗa mata da asusun gyara da za a fara aiki da shi nan take, daga baya a bi mai laifi bashi. Haka kuma ka umarci wakilanka masu shiga tsakani da kada su kawo maka daftarin sulhun da bai faɗi wanda zai miƙa taswirar nakiyoyi, da wanda zai tsabtace ruwa, da wa'adin yin hakan ba. Shawarar da Vanuatu da Fiji da Samoa suka gabatar a watan Satumban 2024, ta a mayar da lalata muhalli babban laifi mai zaman kansa a Dokar Rum, tana gaban ƙasashen da ke cikin kotun, kuma goyon bayanka a bainar jama'a zai sa waɗanda ke jan ƙafa su fito su faɗi dalilinsu.

Allah ya taimake ka, ka huta lafiya.

Naka,
Mai bibiyar al'amuran muhalli.